Farar Kujerar Malam Sabi'u

Farar kujera ce ta roba, irin wadda ake ɗauko haya ranar ɗaurin aure. Ita dai ba ta yi wa kowa laifi ba, amma wallahi har gobe in na hango irinta a bakin hanya sai in kau da kaina. Zan faɗi dalili, don na gaji da jin mutanen wata unguwa a Kurugu suna cewa wai girmama Malam Sabi'u suka yi.

Sunana Sulle, mutumin Fulatan a ƙasar Rogo, gyaɗa da dawa nake nomawa. Ciwon dajin mafitsara gare ni, wanda a asibiti suke ce wa kansa, kuma ni ban ga abin rufa-rufa a ciki ba. Wata 'yar tsoka ce a ƙasan mafitsarar namiji ke lalacewa, ta kumbura ta toshe hanya, fitsari ya ƙi fita. Sai a zura maka siririyar roba a haɗa ta da jaka, ka ɗaure a cinya cikin wando. Yanzu haka da nake maganar nan tawa tana jikina. Wanda abin ya dama ya matsa.

Duk wata mukan je asibitin Karaye a canza mana robar. Ikrima, ma'aikacin jinyar da ke wannan aikin, shi ya fara lura da mu: dattawa a jere kan benci, kowa ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da akuyar mutane, ba mai ce wa ɗan'uwansa uffan. Wata rana ya fito da tabarma ya shimfiɗa a gindin darbejiyar da ke bayan asibitin ya ce, "Iyayena, abu ɗaya ne fa ya kawo ku nan gaba ɗaya. Ku zauna ku gaisa mana, wanda layi ya zo kansa zan kira shi." Daga nan abin ya samo asali. Shi Ikrima ƙungiyar taimakon juna yake ce mana. Mu kuwa 'Yan Jaka muke kiran kanmu, kuma sunan da ya bi mu ke nan.

A kan tabarmar nan ake faɗin abin da mutum ba zai iya faɗa wa ɗan cikinsa ba. A nan ake koya wa sabon shiga yadda zai naɗe jakar da tsumman atamfa don kada ta goge masa cinya, da yadda zai zauna a bayan babur robar ba ta fizge shi ba. A nan ake gaya masa ya je ya faɗa wa iyalinsa gaskiya, cewa allurar da ake yi masa a Kano ce ta kwantar masa da gaba, ba wai ya daina sonta ba ne. In an tura mutum babban asibiti, ɗayanmu ke raka shi ya nuna masa inda ake bin layi. Muna da wani Abubakar Sadiq daga Falgore, tsohon malamin firamare, shi bakinsa ba ya hutawa. Duk wanda ya iso sai ya kalli cinyarsa ya ce, "Sannu da zuwa, ango. Yaya amarya, ta bar ka ka yi barci?" Tun ana jin haushinsa har aka koma in bai zo ba zaman ba ya daɗi.

Malam Sabi'u ya shigo cikinmu da farin rawaninsa da carbi a hannu. Malamin allo ne a Kurugu, kuma shi ne ladanin masallacin unguwarsu tun yawancin masu sallah a ciki suna goye. Zuwansa na farko sallama kawai ya yi ya koma gefe. A na biyu ne wani daga cikinmu ya fashe da kuka, ya ce shi fa tun da aka sa masa robar nan ya bar zuwa masallaci, kai har sallar ma yana ganin ba ta karɓuwa, tunda kullum yana ɗauke da najasa. Sai muka ji muryar Malam daga gefe.

"Wa ya gaya maka haka?" in ji shi. "Lalura ce, kuma Wanda ya ɗora maka ita ya fi ka sanin halin da kake ciki. Ka zubar da abin da ke cikin jakar, ka yi tsarki, ka yi alwala, ka je ka shiga sahu. Babu wanda ya fi ka haƙƙi a wurin."

Ranar ya matso tsakiyar tabarma, kuma bai sake komawa gefe ba. Mutum nawa ne a cikinmu suka koma jam'i saboda maganar nan tasa? Da yawa. Shi kansa ya gaya mana cewa tun da ciwon ya same shi ya daina shiga gaba in liman ba ya nan, don kada ya jefa kowa cikin shakka. Abin da ya riƙe biyu ne: kiran sallah, da wurinsa a sahun farko, daidai bayan liman. "In dai waɗannan suna nan," yakan ce, "to ni ban rasa komai ba."

Da damina ta kankama sai aka yi zaman da Malam bai zo ba. Muka ce ko hanya ce ta yanke. Wani watan ya zagayo, shiru. Ikrima ya fara damuwa, ya ce robar nan ba a barinta ta wuce lokacinta, ƙwayar cuta take tarawa. Na kira wayarsa, sai maiɗakinsa, Inna Mariya, ta ɗauka. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam Sulle, in da hali ka zo. Ni dai na yi maganar har na gaji."

Washegari na hau babur. Na isa ana shirin azahar, ta tare ni a zaure, ta zauna daga bakin ƙofa ta ba ni labari. Ashe wata rana Malam yana sujada a masallaci bakin jakar ya kwance, ɗan abin da bai kai cikin cokali ba ya taɓa kafet. Shi da kansa ya tsaya bayan an watse, ya ɗebo ruwa da sabulu ya wanke wurin tas. Babu wanda ya ce masa komai. Ai mutanenmu ba sa faɗa maka, kunya ba za ta bar su ba. Washegari dai da aka tayar da sallah sai ya ga na damansa ya ɗan ja jiki, na hagunsa ma haka. Kullum giɓin yana ƙara faɗi, har ya zama ana iya tsayar da mutum guda a kowane gefensa. Liman ya juyo ya ce a haɗa kafaɗa, kowa ya haɗa da na kusa da shi, shi kuma yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar sahu.

"Shi ne ya rage shan ruwa," in ji Inna Mariya. "Wai in jakar ba ta cika ba, ba za su ji komai ba. Koko ma sai na yi da gaske."

Na ce, "Innalillahi! Ruwan da Ikrima yake ta yi mana faɗa mu sha?"

Ta ce ai ban ji komai ba tukuna. Ana nan sai wata la'asar, bayan an sallame, Alhaji Sagiru ya miƙe. Shi ne shugaban kwamitin masallacin, ɗan kasuwar hatsi, shi ya shimfiɗa kafet ɗin da kuɗinsa. Ya yi jawabi mai daɗi, ya ce Malam Sabi'u uba ne, ya yi wa addini hidima, lokaci ya yi da zai huta. An samu matashin da zai karɓi kiran sallah. Sannan ga kyauta daga jama'a, aka shigo da farar kujera, aka yi kabbara. Aka ɗauke ta aka kai baranda, kusa da inda ake tuɓe takalma, wai don ya sha iska, kuma in bukata ta taso masa ya fita ba wahala.

To ku gaya min, me zai ce? Da zaginsa suka yi da ya san amsar da zai ba su, don littafin da za su kafa hujja da shi shi ya karantar da su. Amma mutum ya ba ka kyauta a gaban jama'a yana yabonka, yaya za ka yi ka ce ba ka so? Ya ce ya gode, Allah ya saka da alheri. Ya zauna a kanta sau ɗaya, yana kallon ƙeyar mutane ta taga, takalma a gabansa. Daga ranar bai sake fita ba.

Na shiga ɗakin. Wallahi da ƙyar na gane shi. Leɓensa ya bushe ya tsage, idanu sun faɗa. Ana kiran sallah a lasifika, muryar wani ce daban, masallacin kuwa ga shi nan, katanga biyu ce tsakani. Ya ɗaga kai yana saurare har aka gama.

Na ce, "Haba Malam! Ko su sun yi maka haka, mu me muka yi maka da za ka guje mu?"

Ya ce, "Sulle, da wane ido zan kalle ku? Ni na ce muku ku je ku shiga sahu. Ga shi ni an fitar da ni daga nawa."

Na miƙa masa ruwa a kofi, ya jiƙa leɓe ya ajiye. Ya ce yana so jakar ta saba da zama a bushe, wataƙila in sun ga haka su bar shi ya koma wurinsa. Malami guda, mai hankali, wanda ya warware mana abin da ya fi wannan wuya, ga abin da suka mai da shi. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban san sanda na fita ba.

Na samu Alhaji Sagiru a ƙofar shagonsa ana auna masara. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi damina, ya tambayi mutanen Rogo, na amsa duka ina danne zuciyata. Da na kawo maganar sai ya buɗe ido kamar na zo masa da labarin wata ƙasa.

"Subhanallahi! Wa ya kori Malam? Ai uba ne a wurinmu. Girmama shi muka yi."

Na ce, "A wurin takalma?"

"Wurin ya fi iska, dattijo. Kuma ka san sha'anin jama'a, wani yana da ƙyanƙyami, wani yana da waswasi. Mu gyara muka yi, ba tare da an ci fuskar kowa ba."

Na ce, "Alhaji, ni da kake gani irin jakar ce a jikina. Ga ta nan, kusa da buhunka."

Wallahi sai da ya kalli buhun. Na ga ƙafarsa ta ja baya. Na yi masa sallama tun kafin bakina ya faɗi abin da ba zai ɗebu ba.

Na biya wurin liman. Sunansa Bahauddeen, matashi ne mai natsuwa, kuma a gaban Malam Sabi'u ya yi karatu tun daga allo har littattafai. Shi bai yi min musu ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, na san babu abin da ya hana shi sahu. Amma jama'a ce, kuma manya ne suka yanke. In na yi magana sai a ce yaro ya raina su." Na ce masa to madalla, Allah ya ƙara girma, na kama hanya.

A zaman da ya biyo baya na zayyana wa 'Yan Jaka komai a gindin darbejiya. Ranar ce kaɗai na ga Abubakar Sadiq ya kasa tsokanar kowa. Ya daɗe yana kallon ƙasa, can ya ce, "Giɓi suka bar masa dama da hagu ko? To ai mu muna da kafaɗu." Ba a ƙara wata doguwar shawara ba. Duk wanda jikinsa zai iya jure hanya ya ce yana ciki. Ikrima ya ce zai biyo mu da kayan aikinsa ya canza wa Malam robar a gida.

Muka shiga a-kori-kura muka nufi Kurugu, kowa ya riƙe cinyarsa in an faɗa rami. Ikrima ya shiga ɗaki ya yi aikinsa, ya fito fuskarsa ba daɗi. Ya ja ni gefe ya ce akwai zazzaɓi mai zafi, abin da ya fito a robar ma bai yi masa kyau ba, lallai a wuce da shi Kano yau ɗin nan. Da aka gaya wa Malam sai ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya, mun cika masa ɗaki, kowa da babbar rigarsa.

"Ku duka saboda ni kuka zo?"

Abubakar Sadiq ya ce, "A'a, kujerar muka zo gani, an ce ta fi ta kowa kyau a garin nan."

Malam ya yi dariya har da tari. Ya ce a ba shi rawaninsa. Kano kuma sai bayan la'asar.

Mun riga kowa shiga masallacin. Muka wuce kujerar a baranda, wani ma ya ɗora butarsa a kai. Malam yana dafe da kafaɗata har muka isa wurinsa, daidai bayan liman. Na tsaya a damansa, Abubakar Sadiq a hagunsa, sauran suka jeru. Ba mu da yawa, ko rabin sahun ba mu cika ba.

Mutane suka fara shigowa. Su ga baƙi, su ga Malam, sai a fara raɗa. Ba a jima ba labari ya zaga cewa masu irin ciwonsa ne. Ku zo ku ga ikon Allah! Sahun farko, wanda kullum ake rige-rigen samu, ranar babu mai so. Kowa ya shigo sai ya tsaya a baya. Suka cika sahu na biyu maƙil, suka fara na uku, mu kuma dama da hagunmu fayau har bango. Alhaji Sagiru yana tsakiyar na biyu yana jan carbi, idonsa a rufe.

Sabon ladan ya tayar da iƙama. Liman Bahauddeen ya shiga gaba, ya juyo ya faɗi abin da yake faɗa kullum, ba tare da ya ɗaga ido ba: "A daidaita sahu, a haɗa kafaɗa, a cike giɓi."

Ba wanda ya motsa. Ya juya zai ɗaga hannu.

Na ce, "Liman, da mu kake ko da bango?"

Alhaji Sagiru ya buɗe ido ya ce, "Haba dattijo, ɗakin Allah ne fa."

Na ce, "Na sani, Alhaji. Da na ɗauka ɗakin kafet ne ai da ban shigo ba."

Aka fara hayaniya, wani yana cewa a yi haƙuri, wani yana cewa baƙi ba za su zo su raba kan unguwa ba. Ni kuwa ina da sauran magana cike da baki. Sai Malam ya ja hannun rigata ya ce, "Sulle, ya isa." Ya ɗaga kai ya dubi liman, ya yi magana a hankali, irin yadda yake yi wa ɗalibi a zaure.

"Bahauddeen."

"Na'am, Malam."

"In sahun farko bai cika ba, ana fara na biyu?"

Liman ya ce, "Ba a farawa, Malam."

"To. Tambayata ke nan."

Yaron nan ya dubi malaminsa, leɓe a tsage, yana tsaye da ƙyar tsakanin baƙi biyu. Sai ya juyo gaba ɗaya ya fuskanci jama'a, ya ce, "Jama'a, ku gafarce ni. Ba zan yi kabbara ba sai an cike sahun nan."

Aka tsaya cirko-cirko. Kowa yana kallon na kusa da shi, kowa yana jiran wani ya fara. Abubakar Sadiq ya waiga ya ce, "Ku matso, bayin Allah, ba ta cizo." Wani tsoho mai ɗinkin hula ne ya fara takowa, yana cewa astagfirullah, ya zo ya tsaya a ƙarshenmu ya manna kafaɗarsa. Sai wani ya biyo shi, sai wani. Wanda ya zo ta ɗaya gefen ya so ya bar ɗan tsakani, ɗan'uwanmu ya kamo rigarsa ya jawo shi. Alhaji Sagiru kuwa a daidai lokacin ne ya tuna alwalarsa ta karye. Ya fita, kuma har aka sallame bai dawo ba.

Aka yi kabbara. Zafin jikin Malam yana ratsa rigata kamar na jingina da tukunyar da aka sauke yanzu. A raka'a ta uku ya kasa miƙewa, ya ƙarasa a zaune, kafaɗarsa tana jikin gwiwata. Da aka sallame bai tashi ba. Ya shafa kafet ɗin gabansa da tafin hannu, ya ce, "Sulle, a ba ni ruwa." Aka kawo a kwano, ya kafa kai ya shanye, ya ce a ƙaro.

Daga ƙofar masallacin aka sa shi a mota. Ni da Ikrima muka raka shi Kano. Likitan da ya duba shi ya ce ciwon dajin ma yana kwance, allura tana riƙe da shi, da ya ci gaba da zuwa da sauran tafiya a gaba. Robar da ta daɗe ba a canza ba da ƙishirwar da ya ɗora wa kansa su suka sa cuta ta hau har ƙoda. Sun yi iya ƙoƙarinsu. La'asar ɗin nan ita ce sallarsa ta ƙarshe a cikin sahu.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ba sai an tuna min ba. Amma kada wanda ya ƙara ce min kansa ce ta kashe Malam Sabi'u.

Ranar jana'iza Kurugu ta cika. Aka ajiye makara a filin ƙofar masallaci, a gaban kowa, har gaban liman. Sahu kuwa ranar ba sai an ce a cike giɓi ba, ana ta turereniya kowa yana so ya shiga na farko. Alhaji Sagiru yana gaba-gaba, hawaye shaɓe-shaɓe, da aka sallame har da ture mutane don ya samu ya kama makara. Ina jin shi yana ce wa wani baƙo, "Uba muka rasa. Mun riƙe shi da daraja har ƙarshe." Na ciji leɓena don gawa tana wurin.

Da aka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida don karɓar gaisuwa. Liman yana zaune, Alhaji yana gefensa, manyan unguwa sun kewaye su. Muka iso mu 'Yan Jaka, muka yi sallama. Na ga Alhaji ya ɗago ya gane ni. Ya karkata ya yi wa wani raɗa, mutumin ya tashi da sauri ya nufi masallaci. Sai ga shi ya dawo ɗauke da ita. Ita ɗin dai, farar kujerar. Ya kakkaɓe ta da hularsa, ya kai ta can jikin katanga, nesa da tabarmi, ya ajiye.

"Malam Sulle," in ji Alhaji da murya mai taushi, "ga kujera can, kai da ba ka jin daɗin jiki. Ka huta, girmanka ne."

Ko ƙasar kabarin ba ta bushe a hannunmu ba!

Na tuɓe takalmina, na taka tabarmar, na ratsa ta tsakiyar manya, na zauna tsakanin liman da Alhaji, gwiwata a kan gwiwar Alhajin. Abubakar Sadiq ya zagaya ya zauna ta ɗaya gefensa. Sauran suka bi, kowa ya samu inda ya kutsa. Liman Bahauddeen ya matsa ya ba su wuri, ya miƙo min hannu muka gaisa, idonsa jawur.

Na ce a taimaka min da ruwa. Aka kawo kwano cike, na ɗaga na shanye tas, na ce a ƙaro. Ina jin jakar tana ɗumi a cinyata, daidai inda cinyar ta haɗu da ta Alhaji. Alhaji ya muskuta dama, ya muskuta hagu, babu wurin zuwa. Gumi ya fara tsattsafo masa a goshi.

Na juya na dube shi, na ce, "Alhaji, in ka takura, ga kujera can."